Koren Ƙyalle a Gadon Surukina

Shekarar da Incajinmu ta je bita ta dawo, ita ce shekarar da surukina ya kusa rasa ƙafarsa. Har yau in na tuna ɗaya sai ɗayan ya biyo baya, raina kuma ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Asibitinmu ƙarami ne, a wani gari kan hanyar Daura zuwa Zango. Ɗakin maza, ɗakin mata, ɗakin haihuwa, sai wani ɗan lungu da muke kira wurin ba da magani don dai a mutunta shi. Likita ɗaya gare mu, shi ma raba shi muke yi da wasu asibitocin. Yakan zo a gurguje, ya duba, ya sa hannu, ya hau motarsa ya yi gaba. Don haka asibitin a hannun ma'aikatan jinya yake, mu kuma muna hannun Incaji, wato shugabarmu. Ita ke raba aiki, ita ke cewa wa za a ba gado, ita ce kuma ke gaya wa likita wanda ya isa sallama. In ta ce wane ya warke, to ya warke, ko da kuwa jikinsa bai samu labari ba.

Tare muka yi makarantar koyon jinya da ita. Na san ta tun tana jin jiri in ta ga jini. Amma gaskiya ɗaya ce, ko ba na so sai na faɗa: ban taɓa ganin hannu irin nata wajen neman jijiya ba. Yaron da gudawa ta tsotse, kowa ya soka ya gaji, in ta zo sau ɗaya take sa allura ruwa ya fara tafiya. Da a nan aka bar ta, da mun zauna lafiya. Sai aka ɗauke ta aka kai ta wani otal a birni, aka zaunar da ita cikin sanyin na'ura na 'yan kwanaki, ana ba ta shayi da nama, ana koya mata yadda ake shugabanci.

Ta dawo da jaka mai tambari, da wani kati a wuya wanda ta yi watanni ba ta cire ba, da kalma guda a baki: ƙwarewa. Ta tara mu a gindin darbejiyar tsakar asibiti ta ce duk wahalar da muke sha rashin ƙwarewar shugabanci ce ta jawo, yanzu kuwa magani ya zo. Ta buɗe wata ƙatuwar takarda mai rubutun Turanci tana karanta mana tana fassarawa. Akwai iya sadarwa, akwai sauraron mara lafiya, akwai wakilta aiki, akwai tattalin kayan aiki, akwai sasanta rikici, da wasu da na manta. Mu dai muna tsaye muna gyaɗa kai, zuciyarmu na kan famfon ɗakin haihuwa da ya daɗe da mutuwa. Daga baya ta liƙa takardar a ofishinta, daidai inda bango ya tsage. A sanina wannan ne aiki mafi amfani da takardar ta taɓa yi.

Daga cikin ƙwarewar nan, sauraron mara lafiya ne ya fi shiga ranta. Ta ƙirƙiro abin da ta sa wa suna zagayen sauraro. Kullum da safe sai ta bi gado-gado, hannu a baya, kati na lilo a ƙirji, ta tambayi kowa jikinsa da bakinsa. Wanda ya ce ya samu sauƙi, a ɗaura masa koren ƙyalle a ƙarfen gado. Wanda ya ce bai samu ba, a ɗaura ja. A wurin bitar, in ji ta, har da ruwan ɗorawa na masu tsaka-tsaki, amma telan bakin tasha bai da ragowar yadi mai wannan launin, sai aka haƙura da masu tsaka-tsaki. In kore ya jera wa mutum safiya bayan safiya, sai ta gaya wa likita a sallame shi, gado ya samu wani. Wannan kuma shi ne tattalin kayan aiki.

To jama'a, don Allah, wane Bahaushe ne za ka tsaya a kansa ka ce yaya jiki, ya ce maka babu sauƙi? Ko hanjinsa na waje, da sauƙi zai ce, ya ƙara da alhamdu lillahi. Gaisuwa ce, godiya ce ga Ubangiji, kuma hanya ce ta kada a ɗaga wa mai tambaya hankali. Ni da idona na ga mutumin da ya ce mini da sauƙi bayan azahar, kafin magariba an yi masa sutura. Matan da ke zuwa mana daga tsallaken iyakar Kongolam, wata sai an riƙo ta za ta sauko daga amalanke, amma ka tambaye ta, da sauƙi. Incaji ta san wannan sarai. Haifaffiyar Daura ce, gidansu ko nisa babu da Kusugu, ba daga wata ƙasa aka kawo mana ita ba. Na same ta a ofis na tuna mata. Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da malamar firamare ke yi wa ɗalibin da ya maimaita aji.

"Sista, ba mu za mu yi wa mara lafiya magana ba. Muryarsa ita ce gaba da komai."

Cikin ɗan lokaci asibitinmu ya zama kore shar, kamar gonar gyaɗa a tsakiyar damina. Tana ɗaukar hoto tana turawa manya ta waya, su kuma suna aiko mata da yabo.

Ja ɗaya ne tak a ɗakin maza, a gadon wani Ibo mai sayar da kayan gyaran babur a kasuwa. Ya daɗe a garin, Hausa a bakinsa kamar ta gado, amma wannan ɗabi'ar tamu bai ɗauka ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kuma ya riga ya sake shi. Amma in Incaji ta ce yaya jiki, sai ya gyara zama ya faro daga ƙeya ya gangaro har tafin ƙafa, ya haɗa da sauro, da katifa, da miyar da matarsa ta cika wa gishiri. Incaji na matuƙar son sa. Ta ce shi kaɗai ne ya fahimci tsarin. Duk ranar da likita ya zo, rabin lokacinsa a kan wannan bawan Allah yake ƙarewa, sauran masu kore kuwa a ɗaga musu hannu daga bakin ƙofa.

Ana cikin haka aka kawo Baba, mahaifin maigidana.

Baba dillalin shanu ne a kasuwar Mai'adua. Dogon mutum ne, mara yawan magana, wanda in ya dubi sa sau ɗaya ya faɗi abin da zai yi, ba a sake ciniki. Yana da ciwon suga, amma bai taɓa yarda yana da shi ba. A wurinsa magana ce ta likitoci da suke so su raba mutum da fura. Wani bijimi ne ya taka masa ƙafa ana loda mota, ta ɗan fashe a yatsa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da harkarsa. Ciwon ya ƙi warkewa, ƙafa ta kumbura har takalmi ya daina shiga, sannan 'ya'yansa suka taru suka yi ta roƙo ya yarda aka kawo shi, da sharaɗin ba zai daɗe ba.

Ranar da aka ba shi gado, ni ce a ɗakin maza. Ina hango rawaninsa na bi ta ƙofar baya. Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa haɗa ido da Baba ba. Ban taɓa ganin yana cin abinci ba, shi ma bai taɓa ganin ina ci ba. In zan gaishe shi, daga bayan asabari nake durƙusawa, ya amsa a taƙaice, in tashi. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Ɗana na fari sunansa ya ci, shi ya sa har a takardar makaranta sai dai babansa ya rubuta. Baba kuma Malama yake ce mini, in ta kama dole ke nan. To ta yaya zan tsaya a kansa da farin kaya ina tambayarsa ko ya yi bawali? Na je na roƙi Incaji ta mai da ni ɗakin mata. Daɗi ya kama ta. Ta ce ai wannan ma an koya musu, ma'aikaci ba ya jinyar danginsa, har akwai sunan abin da Turanci. Ta faɗe shi sau biyu don in ji da kyau.

Likita ya duba ƙafar ranar farko, ya rubuta allurai, ya ce a riƙa wanke ciwon kullum ana sake bandeji, a kuma sa ido sosai. Daga nan ƙwarewar wakilta aiki ta karɓi ragama. Incaji ta wakilta wa mai kula da ɗakin maza. Shi kuma an riga an wakilta masa allurar rigakafi a ƙauyuka, sai ya wakilta wa ma'aikacin da ke taimaka masa. Wannan kuma shi ne mai ba da kati, shi ne mai kunna janareto, shi ne mai zuwa ɗebo ruwa tun da famfo ya mutu. Da ya zo da kwanon wanki Baba ya ce masa ya bari kawai, ƙaninsa zai yi, sai ya ji kamar an sauke masa dutse. Ya miƙa wa ƙanin Baba auduga da bandeji ya yi gaba. Ƙanin Baba kuwa, wanda muke kira Baffa, makiyayi ne da ya yi imani da wani garin magani da yake saya a kasuwa, wanda yake sa wa shanu in ƙaya ta soke su. Kullum sai ya ja labule, ya barbaɗa, ya shafa man shanu, ya naɗe da farin bandeji tsaf. Daga waje, wallahi, ko a littafi ba ka ga ɗauri mai kyan wannan ba.

Kowace safiya Incaji na zuwa ta ce, Baba yaya jiki. Baba ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. A ɗaura kore.

Ni ban san duk wannan ba a lokacin. Hancina ne ya fara gaya mini. Duk wadda ta daɗe a aikin nan ta san warin nan, wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi, wanda turare ba ya rufewa. Ina wucewa ta bayan tagar ɗakin maza na ji shi. Na ce wa kaina wataƙila daga kwata ne. Washegari mai kayan babur ya fito shan iska, ya tare ni a baranda, ya rage murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba. Ya ce shi fa ba ya son shiga maganar gidan mutane, amma dattijon nan na kusa da shi ba ya barci, cije rawani yake yi don kada a ji nishinsa. Ya ce furar da ake kawo masa Baffa ke shanyewa, kuma ya daina taka ƙafar ko zuwa alwala. Ya ce shi ya gaya wa Incaji, ta ce masa kowa da muryarsa, kada ya ari bakin wani.

Na fara da maigidana. Malamin makaranta ne, a aji ana jin muryarsa daga bakin titi, amma a gaban mahaifinsa ko tari sai ya nemi izini. Na ce ya je ya sa a buɗe ƙafar nan ya gani da idonsa. Ya je, ya durƙusa, ya tambayi jiki, aka ce masa da sauƙi, ya dawo mini da albishir. Na ce ka ga ƙafar? Ya ce haba, ya za a yi ya ce wa Baba ya buɗe ƙafa, bayan Baba da kansa ya ce ya samu sauƙi, so nake ya ƙaryata mahaifinsa? Na dube shi, na tuna ni na yarda na aure shi ba wanda ya tilasta ni, na tashi na ba shi wuri.

Na je wurin Inna, uwar mijina, tana zaune a inuwa tana dama furar da ba za a sha ba. Na kewaya, na kewaya, na ce Inna anya jikin Baba kuwa. Ta ce da sauƙi. Idonta ya ciko, ta sa bakin mayafi ta goge, ta sake cewa da sauƙi, ai sai godiya.

Sai na koma wa Incaji. A lokacin ta samu labarin masu duba aiki za su zo daga sama, hankalinta duk ya tafi can. An sa fenti a duwatsun bakin ƙofa. An kori masu sayar da ƙosai. An ɓoye bokitan ɗebo ruwa a bayan ɗakin haihuwa don kada baƙi su yi zaton ba mu da famfo. Burinta baƙin su tarar da gadaje a gyare, rabi babu kowa, sauran kuma kore, shaidar cewa a asibitinta mutane warkewa suke yi. Na ce mata ƙafar Baba ta lalace, ina jin warinta. Ta ce na gani? Na ce ban gani ba. Ta ce to ita ta ji daga bakinsa, kuma rahoton wanki yana zuwa mata daidai, bandeji fari tas. Ta ce abin da ke damuna shi ne na kasa raba aiki da dangantaka, wanda shi ma rashin ƙwarewa ne, amma kada in damu, ana koyo. Har ta yi mini tayin mu zauna ta sasanta rikicin da ke tsakanina da zuciyata. Sannan ta ce gobe in likita ya zo za a sallami Baba, shi ma ya matsa yana son komawa kasuwa.

Na san abin da sallamar nan take nufi. Gida za a kai shi, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, Baffa ya ci gaba da barbaɗa garinsa, masu dubiya na shiga suna fita ana gaya musu da sauƙi. Ranar da za a dawo da shi, ba maganar yatsa za a yi ba, sai dai a tambayi daga ina za a yanke, in ma an samu ya kai. Mutumin da duk rayuwarsa a tsaye ya yi ta, cikin karar shanu, tsakanin ƙahonni.

Na yi tunanin in tare likita a mota. Amma na san shi, zai ce mu je mu gani, a je a tambayi Baba, Baba ya ba da amsar da ya saba, Incaji ta nuna ƙyalle, likita ya dubi agogo. Ba wanda zai ce dattijo ya kwance ɗauri mai kyau haka bayan ya ce lafiya lau. Ƙafar nan sai an gan ta, kuma duk asibitin an rasa mai buɗewa.

Da safe likita ya zo, aka fara zagaye. Ina ɗakin mata ina jin takunsu. Na wanke hannu, na sa safar hannu, na ɗauki almakashi da kwano. Na shiga ɗakin maza na tarar an kewaye gadon Baba: likita da biro a hannu, Incaji da katinta, maigidana, Baffa ya riga ya naɗe tabarma ya ɗaure buta, ga wasu abokan kasuwar Baba biyu da suka zo rakiya. Baba na zaune ya sha rawani, fuskarsa ta yi wani irin toka-toka, gumi na tsattsafowa a goshinsa. Daidai lokacin likita ke tambayarsa jiki, yana amsawa da abin da kowa ya sani.

Ban gaishe da kowa ba. Na durƙusa a gaban gadon, na kama ƙafar surukina na ɗora a kan cinyata.

Na ji maigidana ya ja numfashi kamar an watsa masa ruwan sanyi. Baffa ya fara salati. Incaji ta ce, "Sista, ba ɗakinki ba ne nan." Ban ɗaga kai ba. Ƙafar zafi rau kamar an ciro ta daga murhu. Baba ya ɗan ja ta, na riƙe. Wannan riƙon, har in mutu ba zan manta shi ba. Na ce, ba tare da na dube shi ba, "Baba, ka yafe mini." Na sa almakashi.

Ba zan bayyana abin da ke ƙarƙashin bandejin nan ba, masu karatu wataƙila wani na cin abinci. Ya isa in ce yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, kumburin ya haura idon sawu, warin kuma ya sa ɗaya daga cikin abokan kasuwar ya fita da sauri, mutumin da ya yi rayuwarsa a mayanka. Likita ya ajiye biro. Baba ya juya fuskarsa bango, ya ja gefen rawani ya rufe. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige, hawaye na zuba a kan safar hannuna, ga haushi, ga kunya, na rasa wanne ya fi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya hana ni tsanar Incaji yadda na so in tsane ta. Ta tsaya kamar an dasa ta. Sai na ga ta cire katin nan daga wuya ta jefa a aljihu, ta ture likita gefe, ta kama hannun Baba. Jijiyoyinsa duk sun ɓuya, amma sau ɗaya ta soka, ruwa ya fara tafiya. Ta ciro waya ta kira direban motar asibiti, wanda ya tafi kai wa wani buhunan gero kasuwa da motar. Abin da ta gaya masa babu shi a takardar bango. Ta faro daga shi ta haura har kakanninsa, da Hausar cikin Daura tsantsa, babu kalmar Turanci ko ɗaya. Ban taɓa jin sadarwa mai inganci irin wannan ba. Kafin mu gama wanke ciwon mota na bakin ƙofa, da ragowar gero a ƙasanta. Ta kira wata tsohuwar abokiyar karatunmu a babban asibiti ta ce a tanadi gado, a gaya wa likitan tiyata. Incaji da kanta ta shiga motar ta riƙe ledar ruwa a sama har can. Masu duba aiki suka zo suka tarar babu Incaji, ga bandeji a ƙasa, ga mai kayan babur yana jiransu da bayani.

An cire yatsu biyun. Likitan can ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da ƙafar duka za ta tafi.

Ƙyallayen kuwa ba a yi sanarwar soke su ba. Sun dai ɓace a hankali. Na ga masu shara sun ɗaure tsintsiya da wasu. Ni da Incaji ba mu taɓa tayar da maganar ba, ba ta ce na yi daidai ba, ban ce ta yi kuskure ba. Bayan wani lokaci aka ƙara mata girma aka mai da ita birni. Yanzu ita ke koyarwa a bita. Wata ƙanwarmu a aiki da ta halarta ta ba ni labari cewa darasinta mafi armashi shi ne yadda ta gano, cikin bincikenta, cewa in Bahaushe ya ce da sauƙi ba lallai ne ya samu sauƙi ba. Har da labarin wani dattijo mai ciwon ƙafa. Ana tafa mata, in ji ta, wasu har rubutawa suke yi.

Ni kuwa abin da na samu a gida daban ne. Magana ta zaga dangi cewa matar wane ta kama ƙafar surukinta a gaban abokansa, ta tona masa asiri, aikin asibiti ya cire mata kunya. Baffa ya ce garinsa na gab da cin ciwon na zo na ɓata. Inna ta koma amsa gaisuwata da ka. Maigidana bai ce na yi laifi ba, amma ya yi kwanaki yana cin tuwo kamar ana bin sa bashin magana. Duk wannan bai dame ni ba kamar Baba. Na san abin da na ƙwace masa a ɗakin nan, kuma na san ba abu ne da ake mayarwa ba. Da aka sallamo shi ya dawo gida, kowa ya je dubiya, ni na yi ta ƙirƙiro aiki.

Daga ƙarshe dai na shirya na je, da yamma bayan la'asar. Yana zaure a kan buzu, ƙafar a miƙe cikin bandeji, Baffa na gefe yana jan carbi. Na durƙusa a inda na saba, bayan asabari, ta yadda inuwata kawai zai gani. Na gaishe shi. Na ce, "Baba, yaya ƙarfin jiki?"

Har na fara tunanin ba zai amsa ba, in tashi in tafi da abin da na jawo wa kaina. Sai na ji ya ce wa Baffa ya je ya duba ko an ba shanu ruwa. Baffa ya ce an ba su. Baba ya ce ya je ya sake dubawa. Na ji takun Baffa ya yi nisa.

"Malama."

"Na'am, Baba."

A hankali ya ci gaba da maganar, kamar mai tsoron kada bango ya ji.

"Wurin yana yi mini zogi tun jiya. Ban gaya wa kowa ba. Ko za ki duba."

Na tashi na shiga cikin gida na ce Inna ta ba ni ruwa da sabulu.